Amanar Mujallar Ilimi: Tsokaci a Kan Tarkon Bohannon da Darasinsa ga Mujallun Harsunan Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 2013, mujallar Science ta ƙasar Amurka ta buga wani rahoto na John Bohannon, ɗan jarida kuma masanin kimiyyar halittu, wanda ya tayar da ƙura a fagen wallafa mujallun ilimi. Abin da Bohannon ya yi shi ne, ya ƙaga maƙalar ƙarya, ya cika ta da kurakurai da gangan, sannan ya aika da ita ga mujallu 304 domin ya ga nawa ne daga cikinsu za su gano ta. Fiye da rabinsu sun karɓe ta. Tun daga wannan lokaci, da wuya a yi zancen amana a mujallun ilimi ba a biyo ta kan wannan rahoto ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bitar rahoton, ta auna abin da ya tabbatar da kuma abin da ya kasa tabbatarwa, sa'annan ta duba inda ya shafe mu, mu masu rubutun ilimi da Hausa da sauran harsunan Nijeriya. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, tarkon Bohannon da sauran matakan tsaron da suka biyo bayansa duk sun dogara ne a kan abu guda, wato yawan mutane da na'urorin da ke iya karanta abin da aka rubuta da Ingilishi. Maƙalar Hausa ba ta da wannan gata. Masu iya karanta ta da idon sani ba su da yawa, kuma galibinsu sun san juna. Saboda haka nauyin da ya rarrabu a wuyan dubban mutane a can, a nan yana wuyan mutum biyu ne kacal: edita da mai tantancewa.

2.0 Abin da Mujallar Ilimi Ke Shaida

Masana tarihin ɗab'i sun danganta asalin mujallar ilimi ga shekarar 1665, lokacin da Journal des sçavans ta fito a Faransa, ita kuma Philosophical Transactions ta fito a Ingila a hannun Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. Tun daga farko aikin mujalla bai tsaya ga yaɗa labari ba. Tana tabbatar da wanda ya riga wani gano abu, tana adana abin da aka gano, kuma tana shaidar cewa abin da ke cikinta ya cancanci a saurare shi. Al'adar aika maƙala ga wasu masana su tantance ta kafin a buga ba ta zo tare da mujallar ba. Sai a wajejen 1832 ƙungiyar Royal Society ta soma neman rahoton masana a rubuce, ita kuwa mujallar Nature sai a 1973 ta wajabta tantancewar masana na waje a kan kowace maƙalar bincike. Ke nan tantancewa dabara ce da aka ƙirƙiro domin a kare wannan shaida yayin da fannoni suka yawaita har suka fi ƙarfin edita shi kaɗai.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a zauren karatu na ƙasar Hausa. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa ingancin magana yana rataye ne da isnadinta, wato jerin mutanen da ta biyo ta hannunsu, har suka kafa fanni sukutum na auna masu ruwaya, wane abin amincewa ne, wane mai rauni ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukh, domin kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Abin da mai maƙala ke yi a yau idan ya ambaci madogararsa, da abin da edita ke yi idan ya sa sunan mujallarsa a kan aikin wani, reshe ne na wannan ɗabi'a: faɗi inda ka samo, kuma kada ka shaidi abin da ba ka gani ba.

Sai dai a jami'o'inmu mujalla ta sami wani aiki na dabam wanda ya danne sauran. Ita ce tsanin ƙarin girma. Daga muƙamin ƙaramin malami har zuwa na shehun malami, kowane mataki yana da adadin maƙalun da ake bukata, kuma kwamitin da ke ƙirga su bai cika samun sukunin karanta su ba. Da zarar an mayar da maƙala abin ƙirge, to an buɗe kasuwa, kuma kowace kasuwa da 'yan damfararta.

3.0 Tarkon Bohannon

3.1 Yadda Aka Ɗana Shi

Maƙalar da Bohannon ya ƙaga tana da'awar cewa an gano wani sinadari mai hana ƙwayoyin ciwon daji yaɗuwa a cikin wani tsiro mai kama da gansakuka da ke fitowa a jikin duwatsu da itatuwa. Ya sa kurakuran a fili, yadda duk mai ilimin fannin da ya dubi jadawalin sakamakon zai ga cewa alƙaluman sun saɓa wa abin da marubucin ke ikirari. Ya yi amfani da kwamfuta ya fitar da ɗaruruwan kwafi masu ɗan bambanci, kowanne da sunan marubuci na ƙarya da cibiyar bincike ta ƙarya. Sunayen duk na Afirka ne, an harhaɗa su ne barkatai, cibiyoyin kuma an ce suna manyan biranen Afirka, kamar wadda aka ce tana Asmara ta ƙasar Iritiriya. Domin Ingilishin ya yi kama da na wanda ba harshensa ba ne, sai ya sa manhajar Google Translate ta juya rubutun zuwa Faransanci, ta sake dawo da shi Ingilishi, sannan ya gyara kurakuran da suka yi muni ƙwarai.

Mujallun da ya aika wa duk irin waɗanda ake karantawa kyauta ne a intanet, marubuci kuma ya biya kuɗin bugawa. Ya zaɓo su ne daga wurare biyu: kundin DOAJ, wanda ke lissafa irin waɗannan mujallu, da kuma jerin da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, yake ajiyewa na mawallafan da yake zargi da damfara.

3.2 Abin da Ya Kama

Daga cikin mujallu 304, guda 157 sun karɓi maƙalar, 98 sun ƙi ta, ragowar 49 kuwa wasu sun riga sun mutu, wasu ba su yanke hukunci ba har aka rufe binciken. A cikin waɗanda suka yanke hukunci, kimanin kashi 60 cikin ɗari babu wata alamar an kai maƙalar gaban mai tantancewa. Sau 36 kacal aka sami mai tantancewar da ya gano wani abu daga cikin kurakuran, kuma a 16 daga cikin waɗannan edita ya yi biris da rahoton ya karɓi maƙalar. Wannan adadi na ƙarshe ya fi kowanne tayar da hankali, domin ya nuna cewa ko da mai tantancewa ya sauke nauyinsa, edita na iya zubar da shi. Haka kuma ba ƙananan mawallafa kaɗai suka faɗa ba. An sami mujallun da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni irin su Elsevier da Sage da Wolters Kluwer a cikin waɗanda suka karɓa.

Rahoton bai tafi a banza ba. Kundin DOAJ ya tsaurara sharuɗɗansa a 2014, kuma a 2016 ya cire mujallu fiye da 3,000 waɗanda ba su sabunta rajista bisa sababbin sharuɗɗan ba. A 2015 Cenyu Shen da Bo-Christer Björk suka ƙiyasta cewa maƙalun da mujallun damfara ke bugawa sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da marubutansu suka fi yawa a ciki, bayan Indiya. A 2019 wata kotun tarayya a jihar Nevada ta Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS na Indiya biyan dala miliyan 50 da ɗoriya saboda yaudarar marubuta game da tantancewa da kuɗin bugawa.

4.0 Inda Tarkon Ya Gaza

Duk da wannan nasara, akwai abubuwa uku da ya kamata mai nazari ya lura da su kafin ya ɗauki rahoton a matsayin hukuncin ƙarshe.

Na farko ya shafi tsarin binciken kansa. Bohannon bai aika maƙalarsa ga ko da mujalla guda daga cikin tsofaffin mujallun da laburare ke saye da kuɗi ba. Don haka rahoton bai da hurumin cewa mujallun kyauta sun fi waɗancan sakaci, ko da yake da yawa daga cikin masu karatu haka suka fahimce shi. Tarihi ma bai wanke tsofaffin ba. A 1996 Alan Sokal ya shigar da maƙalar shirme cikin mujallar Social Text da gangan. A 1998 mujallar Lancet, wadda ke sahun gaba a fannin likitanci, ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta wata allurar rigakafin yara da lalurar galahanga, ba ta janye ta gaba ɗaya ba sai a 2010, bayan iyaye da dama sun guje wa rigakafin. Binciken da ke zargin wasu da rashin ma'aunin kwatanci, shi ma bai tanadi nasa ba.

Na biyu shi ne batun sunayen Afirka. Hujjar Bohannon ita ce, idan edita ya nemi marubucin a intanet bai same shi ba, ba zai yi mamaki ba tun da daga ƙasa mai tasowa yake. A fuskar dabara hujjar ta yi, amma akwai abin takaici a ƙarƙashinta. Ta ginu ne a kan cewa rashin ganin masanin Afirka abu ne da aka saba, kuma raunin Ingilishi alama ce da za a gane shi da ita. Daɗin daɗawa, wannan zaɓi ya gurɓata sakamakon, domin ba a san nawa daga cikin mujallu 98 da suka ƙi maƙalar suka ƙi ta saboda sun ga kurakuran, nawa kuma suka ƙi ta saboda ganin suna da adireshi kawai ba. Masanin Afirka na gaskiya yana shan wahala ta fuska biyu: mai damfara na farautarsa, mai gaskiya na zarginsa. Irin wannan ƙorafi aka yi ta yi a kan jerin Beall kafin ya rufe shi a watan Janairu na 2017, cewa hukuncin mutum ɗaya ne, kuma ya fi faɗawa kan mawallafan ƙasashe matalauta.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga wannan maƙala, lokaci ne ya fito da shi. Daga cikin mawallafan da suka tsallake tarkon akwai kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira a 1997. Mujallunsa sun ƙi maƙalar, kuma rahoton ya ambaci haka. A 2021 kamfanin Wiley ya saye shi a kan dala miliyan 298. A 2023 kuwa sai da aka janye maƙalu fiye da 8,000 daga mujallun Hindawi, bayan an gano cewa masu sana'ar ƙera maƙalun ƙarya suna sayarwa sun kutsa cikin fitowa ta musamman da ake damƙa wa editocin wucin-gadi. A wannan shekara adadin maƙalun da aka janye a duniya ya haura 10,000, Wiley kuma ya yanke shawarar daina amfani da sunan Hindawi. Abin lura a nan shi ne, mujallar da ta ci jarrabawa a 2013 ta faɗi bayan shekara goma. Ashe amana ba takardar shaida ba ce da za a rataya a bango. Aiki ne da ake sabuntawa a kan kowace maƙala.

5.0 Halin da Mujallunmu Ke Ciki

Duk ɓarnar da aka zayyana a sama an gano ta ne saboda akwai masu gani. Akwai ƙungiyar COPE da editocin mujallun likitanci suka kafa a Ingila a 1997 domin tsara ƙa'idojin ɗa'a. Akwai kafar Retraction Watch da Ivan Oransky da Adam Marcus suka buɗe a 2010 domin bin diddigin maƙalun da aka janye. Akwai manhajoji masu kwatanta rubutu da rubutu, akwai kuma dubban masana da ke karanta abin da aka buga. To, wa ke yi wa maƙalar Hausa ko ta Yarabanci ko ta Ibo wannan gadi?

Halin da nake ciki ya sa wannan tambaya ta zame mini ta kullum. A jami'ar da aiki ya kawo ni, nesa da ƙasar Hausa, masu iya duba maƙalar Hausa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Edita mai gaskiya, wanda fanninsa wani harshe ne, ba shi da zaɓi illa ya miƙa wa ɗayanmu maƙalar, ya kuma amince da abin da aka gaya masa. Haka abin yake idan aka juya shi: editan da ke arewa, maƙalar Yarabanci a hannunsa tamkar wasiƙa ce a rufe. Mujallar da ke ɗauke da harsuna da yawa tana shaidar abin da editanta bai karanta ba. Daga nan ne matsaloli huɗu ke ɓullowa.

5.1 Sata da Sunan Fassara

Manhajar gano satar fasaha tana aiki ne ta hanyar kwatanta jerin kalmomi da abin da ke cikin rumbunta. Idan mutum ya ɗauko babi daga littafin Ingilishi ya juya shi zuwa Hausa, kalmomin sun sauya duk, manhaja ba za ta ga komai ba. Idan kuma kundin digirin wani ɗalibi ya kwafa, to akasarin kundayenmu na nan a kan kanta, a takarda, ba su taɓa shiga rumbun kowace manhaja ba. Tun watan Disamba na 2013, wata biyu bayan fitar rahoton Bohannon, Google Translate ta shigar da Hausa da Ibo da Yarabanci cikin harsunanta. Dabarar da shi ya yi amfani da ita don ɓad da kama, yanzu tana hannun kowa.

An taɓa kawo mini wata maƙala a kan jam'in sunaye. Tun a shafi na biyu na ji Hausar tana warin Turanci, jimlolin sun tsaya a inda Bahaushe ba ya tsayawa. Abin da ya tona asiri shi ne misalan, domin jerinsu da tsarinsu sun zo daidai da na wani littafin nahawun Hausa da aka wallafa da Ingilishi, har da wata kalma da marubucin asali ya nuna shakku a kanta. An ambaci littafin sau ɗaya, a kan wani ƙaramin batu, kamar an biya zakka. Da a ce hannun wanda bai san littafin ba ta faɗa, da tuni ta zama maki a takardar ƙarin girma. Hankaka ke nan, mai da ɗan wani naka.

5.2 Ɓoye Tsani

Malaman hadisi suna da kalmar tadlisi, wato mai ruwaya ya ɓoye wanda ya ji magana daga bakinsa, ya nuna kamar daga na sama ya ji ta kai tsaye. Wannan ya zama ruwan dare a rubuce-rubucenmu. Marubuci zai ce Bargery (1934) ya ce kaza, alhali bai taɓa buɗe ƙamusun ba, a kundin wani ya gani, shi ma wancan a kundin wani ya gani. Ta haka kuskuren mutum ɗaya, na shafi ko na shekara ko na ma'ana, yake yawo daga maƙala zuwa maƙala har ya zama kamar gaskiya. Gaskiya ne ƙarancin littattafai, wanda ya tsananta tun bayan faɗuwar darajar naira a 1986, yana da hannu a ciki. Amma rashin littafi uzuri ne na rashin karanta shi, ba uzuri ba ne na da'awar an karanta. Kalmomi uku sun wadatar: kamar yadda wane ya rawaito.

5.3 Sanayya da Kunya

A ƙa'ida ana cire sunan marubuci kafin a kai wa mai tantancewa. A fage ƙarami irin namu wannan rufi na gaibu ne. Daga batun maƙala da garin da aka yi binciken da malaman da aka fi ambata, mai tantancewa ya riga ya san ta wane ce, ko ta ɗalibin wane ce. Shi ma marubucin ya san hannun wa ta faɗa. Kwana biyu da mayar da maƙalar da na ambata, sai ga sallamar wani dattijo da nake jin nauyinsa, yana cewa yaron nan namu ne, a taimaka. Tarbiyyar da ta hana mu musu da na gaba abu ne mai kyau a zaure, amma a teburin tantancewa ita ce ƙofar da ɓarna ke shigowa. Ban sauya rahotona ba, kuma ba zan ce abin bai taɓa zumunci ba. Sai dai wanda aka ce a taimaka ɗin, ɗalibai zai koyar shekara talatin masu zuwa, su ma namu ne.

5.4 Sunan Wanda Ya Yi Aikin

Fagen nazarin Hausa yana da tsohon tabo a wannan fuska. Ƙamusun da kowa ke kira na Abraham, bugunsa na 1949 yana ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da na R. C. Abraham, amma bugun 1962, wanda ya fi yawo a hannun mutane, da sunan Abraham kaɗai ake ambatonsa. Mun saba kokawa da yadda Turawa suka shafe sunayen malaman da suka yi musu aiki. To, mu fa? Malamin da ya ɗora sunansa a gaban na ɗalibinsa a kan maƙalar da bai rubuta ko layi ɗaya ba, da abokan da ke musayar suna, sa ni a taka in sa ka a tawa, da mai binciken da ya kwashi waƙa ko tarihi daga bakin tsohuwa ya ce wata majiya ce, duk abin da muke zargin wasu da shi suke yi.

6.0 Shawarwari

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin ƙirge ne ma'aunin ƙarin girma, wa'azi kaɗai ba zai yi magani ba. Amma akwai matakan da ba su fi ƙarfin mujalla irin wannan ba.

(a) Kowace maƙala ta je hannun masu tantancewa biyu da suka ƙware a harshenta, aƙalla ɗaya daga wata jami'a dabam, kuma a riƙa buga sunayen masu tantancewar kowane harshe sau ɗaya a shekara, domin a san waɗanda ke ɗauke da amanar.

(b) A buɗe wa fassara ƙofar gaba. Muna matuƙar bukatar a mayar da muhimman ayyukan nazarin harshe zuwa harsunanmu. A ware mata sashe, a buga ta da sunan mai ita da na mai fassara da izinin mawallafi, kwamitocin ƙarin girma kuma su ba ta maki. Wanda aka ba hanyar halal, hujjarsa ta bin ta haram ta ƙare.

(c) Duk maƙalar da ta dogara da hira ko waƙar baka ta faɗi wanda aka ɗauka daga bakinsa, in ya yarda, da wuri da rana, kuma marubuci ya iya gabatar da abin da ya naɗa idan edita ya nema.

(d) A tanadi shafin gyara da martani a kowace fitowa, kuma idan sata ta tabbata a janye maƙalar a fili, a faɗi dalili. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

(e) A raba kuɗi da hukunci. Kada a nemi kuɗin bugawa sai bayan an karɓi maƙala, kuma maƙalar edita ko ta ɗalibinsa wani ne zai kula da ita.

(f) A ɗora tsofaffin fitowa da kundayen digiri a intanet. Dandalin AJOL, wanda aka fara a 1998 domin mujallun Afirka, hanya ce buɗaɗɗiya. Abin da kowa ke iya gani ya fi wuyar sata.

(g) Kwamitocin ƙarin girma su nemi ɗan takara ya zaɓi 'yan ayyukansa mafiya inganci a karanta su, a auna abin da ke ciki. Wannan ya dace da ruhin sanarwar San Francisco ta 2012, wadda ta yi kira da a auna bincike da ƙimar kansa, a daina auna shi da sunan mujallar da ya fito.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tarkon Bohannon ya tabbatar da abu guda tabbatarwa mai ƙarfi, wato mujallu da yawa suna shaidar abin da ba su karanta ba. An kuma ga cewa bai kwatanta su da kowa ba, ya jingina dabararsa a kan raina masanin Afirka, kuma wanda ya tsallake shi jiya ya faɗi yau. Mu kuwa babu wani Bohannon da zai zo ya ɗana mana tarko da Hausa, babu kuma wata kafa a ƙetare da za ta lissafa maƙalun da ya kamata mu janye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da zai buɗe wannan mujalla nan da shekara ashirin ba shi da hanyar sanin abin da ya gudana tsakanin edita da mai tantancewa da dattijon da ya yi sallama. Zai ɗauki abin da ya gani ne ya ɗora nasa a kai, bisa zaton cewa wani ya karanta kafin a buga. Wannan zato shi ne amanar da ke hannunmu.